Wata bakwai muna neman abin da ke cin fatar 'yata, ashe yana cikin jakata

Ƙurajen sun fara fito wa 'yar autata ne a farkon hunturun 2023, tana da shekara ɗaya da wata takwas. Da fari wani ja-ja ne na gani a kewayen duburarta da mazaunanta in na zo canja mata fampas, ban ɗauke shi komai ba, don yayyenta biyu duk sun yi irinsa ya wuce. Bayan kamar mako biyu sai wurin ya yi kaushi, ya fara tsattsagewa yana fitar da ruwa, sannan irinsa ya ɓullo a gefen bakinta da haɓarta. Ƙaiƙayin ne ya fi tayar mini da hankali. Da dare sai ta riƙa goga jikinta da katifa tana kuka, in na cire fampas ɗin ta kai hannu ta sosa har jini. Hajiya, mahaifiyar maigidana, da ta duba ta ce ela ce, a yi mata wanka da ruwan ganye a shafa man kaɗanya. Maƙwabciyata ta ce haƙori ne, wata kuma ta ce sanyi na sa mata tun tana ciki. Ni a raina na ɗora laifin a kan ƙazanta, na ce ko mai aikina ba ta goge ta da kyau in na tafi makaranta koyarwa. Saboda haka na ƙara sayo waif, wato jiƙaƙƙiyar takardar nan ta goge wa yara jiki, na ajiye fakiti ɗaya a ɗaki, ɗaya a falo, ɗaya a jakata, na ce a goge ta duk lokacin da ta yi fitsari, a goge mata baki duk lokacin da ta ci abinci.

A watan Disamba na kai ta kemis ɗin bakin layinmu. Mai kemis ɗin ya leƙa kawai ya miƙo mini wani kirim na naira 1,500, irin wanda ake cewa mai aiki uku, ya ce safe da yamma. Kwana uku da farawa fatar ta kwanta luf, yarinya ta yi barci, ni ma na yi. Na yi ta sa masa albarka. Da na daina shafawa, ko mako ba a rufa ba abin ya dawo fiye da da. Na sake saye, ya kwanta, na daina, ya dawo. Haka muka yi har kwali uku. A na ukun ne na lura wurin da nake shafawa ya fi sauran jikinta haske, fatar ta yi santsi ta yi siriri kamar ledar da aka ja, har ana ganin ƙananan jijiyoyi. Ranar na ajiye kirim ɗin, amma ban daina goge ta da waif ba, don ko a mafarki ban kawo shi a lissafi ba.

Farkon Janairu muka je asibitin unguwa. Kati naira 500, aka auna nauyinta, muka zauna a benci tun ƙarfe takwas sai wajen sha ɗaya aka kira mu. Ma'aikaciyar lafiyar tana da kirki, sai dai layin da ke bayana ya kai mutum arba'in, duka-duka ba mu yi minti biyar a gabanta ba. Ta ce fangas ne, irin wanda lema da ɗumin fampas ke kawowa, ta rubuta man nystatin da wani maganin sha na ƙwayoyin cuta saboda wuraren da suka yi ruwa. Wuraren da suka yi mugunya sun bushe, wannan kam maganin ya yi aikinsa, amma ja da ƙaiƙayi suna nan. Bayan mako biyu Abbansu ya ce mu je asibitin kuɗi. A can ganin likita naira 10,000, gwajin jini da na bayan gida naira 18,000, aka ce duk lafiya lau. Likitan ya ce wataƙila abinci ne, tunda har da baki, a daina ba ta ƙwai, madara, gyaɗa da kifi na wata guda a gani. Wannan watan shi ne mafi wuya a wurina. Yarinyar da ta saba da kunun gyaɗa da safe ta koma koko zalla, tana ganin yayyenta da ƙwai tana miƙa hannu ina janye ta. Ta rame, ƙurajen kuma ko gezau. Da muka koma, likitan ya faɗi gaskiya, ya ce wannan aikin likitan fata ne, ya rubuta mana takardar turawa zuwa wani babban asibitin gwamnati. Ina ganin girmansa a kan wannan har yau.

Ga wanda bai taɓa bin wannan hanyar ba, takardar turawa ba ta kai ka gaban likitan fata a ranar. Sai da na fara zuwa ofishin kati na buɗe wa yarinya fayil, aka ba ni lambar biyan kuɗi, na je wurin biya na dawo da rasit, wajen naira 3,000 duka. Daga nan aka tura mu sashen yara, likitan ranar ya duba ta ya sa hannu a kan cewa a kai ta asibitin fata. Asibitin fatar kuwa rana ɗaya yake zama a mako, kuma littafinsu a cike yake. Nas ɗin ta buɗa shafuka ta ba ni rana bayan mako uku. Na tsaya a gaban teburin hawaye na zubo mini. Ta ce, "Maman yarinya, ki yi haƙuri, likitocin fata ba su da yawa. Ki zo da sassafe, kuma ki zo da duk abin da kike shafa mata, kar ki bar ko ɗaya." Wannan maganar ta ƙarshe ita ce mafi amfanin abin da aka gaya mini tun da aka fara, amma ni na fahimce ta rabi. Na ɗauka magunguna take nufi.

Ranar, farkon Maris ana saura kwanaki a kama azumi, na isa ƙarfe shida da rabi na samu lamba ta tara. Sai wajen sha biyu muka shiga. Likitar mace ce, ba ta yi gaggawa ba. Ta sa na tuɓe yarinyar gaba ɗaya, ta duba bayan gwiwa, cikin gwiwar hannu, wuya, tsakanin yatsu, fatar kai. Ta nuna mini cewa duk waɗannan wuraren lafiyarsu ƙalau, alhali a nan ne kircin gado, wanda ke tafiya da asma, ya fi son zama a yara masu wannan shekarun, ƙazuwa kuma tsakanin yatsu take so. Ta ce fangas kan shiga can cikin ninkin cinya ya watsa ƙananan ƙuraje a gefe, wannan kuwa ya bi wata hanya ce kamar an zana, daga gaba zuwa baya, sai kewayen baki. Tana cikin magana sai ta kama hannuna na dama ta juya shi. Kan babban yatsana da manuni da na tsakiya duk sun bushe sun tsage, na daɗe ina fama da su ina cewa hunturu ne da wanke-wanke. Ta duba na hagu, babu komai. Ta ce, "Malama, da me kike goge mata jiki?" Na zuge jaka na fito da fakitin. Ta juya bayansa, ta bi rubutun nan ƙanana da ba na taɓa karantawa, ta sa biro ta ja layi a ƙarƙashin wata doguwar kalma kusa da ƙarshe: methylisothiazolinone.

Abin da ta bayyana mini, wanda daga baya na yi ta karantawa har ya zauna mini, shi ne duk wani kayan shafa ko na wanka da ke da ruwa a ciki sai an sa masa sinadarin hana lalacewa. In ba haka ba ƙwayoyin cuta da fumfuna za su cinye shi, balle a ƙasa mai zafi irin tamu inda kaya ke yin watanni a shago da rana. Wato sinadarin ba mugunta aka yi da shi ba, yana da aikinsa. Matsalar ita ce wasu daga cikinsu garkuwar jikin wasu mutane na koyon ƙin su. Ba a haifi yaro da wannan ba, yawan haɗuwa da abin ne ke jawo shi, musamman in fata ta riga ta ɗan ji rauni, kuma an rufe wurin da fampas, lema da ɗumi suna tura sinadarin ciki. Waif kuma ba a ɗauraye shi, abin da ya bari a fata nan yake kwana. Da zarar jiki ya koyi ƙin abin, yawanci ba ya mantawa. Abin da ya fi ruɗa iyaye, in ji ta, shi ne jinkiri. Alajin abinci irin na gyaɗa ko ƙwai yakan nuna kansa cikin mintuna zuwa awa biyu, da borin jini, kumburin leɓe ko amai. Wannan na fata kuwa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku yake fitowa, lokacin uwa ta manta abin da ta shafa, ta koma zargin abin da yaro ya ci ɗazu. Ta ce in mayar mata da ƙwanta da kunun gyaɗarta a ranar.

Sai ta zo kan kirim ɗin kemis, wanda na kawo kwalinsa. A nan muryarta ta canja. Ta nuna mini abubuwa ukun da ke ciki: maganin fangas, maganin bakteriya, da clobetasol, wanda yana cikin mafi ƙarfin sinadaran sitiroyid da ake shafawa a fata. Shi ne yake kwantar da ƙurajen cikin kwana uku ba tare da ya taɓa sanadin ba, shi ne kuma ya sirantar da fatar ya hasketa. Ta ce a jikin ƙaramin yaro, a ƙarƙashin fampas, yana iya shiga jini ya taɓa yaron gaba ɗaya. Ta ƙara da cewa neomycin, maganin bakteriyar da ake sawa a irin waɗannan kirim ɗin, shi kansa sananne ne wajen jawo alajin fata. Ba ta yi mini faɗa ba, amma na fita da nauyi a ƙirji, don da hannuna na shafa mata har kwali uku. Abin da ta rubuta mana bai kai naira 4,000 ba: hydrocortisone, wato sitiroyid marar ƙarfi, mai kashi 1 cikin 100, a shafa siriri na kwana bakwai kacal a tsaya, sai basilin fari marar ƙamshi. A daina waif kwata-kwata, a koma buta da ruwan ɗumi da auduga, a bar wurin ya sha iska kafin a sa fampas. A ajiye loshan, hoda, shamfu da sabulun ruwa har sai mun dawo.

Cikin mako biyu na azumi yarinyar ta warke. Ba zan iya kwatanta yadda na ji ba ranar da na tashi sahur na tarar tana barci a miƙe, hannuwanta a sake. Yatsuna ma suka haɗe. Hajiya ta ce, "Ikon Allah, ashe rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami. Mu da buta muka rene ku." Ban ce komai ba, don gaskiyarta ce. Abin da ya rage shi ne baƙin tabo a inda ƙurajen suka zauna, wanda likitar ta ce a fata irin tamu yakan ɗauki watanni kafin ya baje, kuma kar in kuskura in sa masa man bilicin ko wani abin goge tabo.

Da ƙaramar Sallah, wadda ta kama 10 ga Afrilu, muka je gidan ƙanwar maigidana. Ni na ɗauka magana ta ƙare tunda na bar waccan waif ɗin, har na sayi wata mai tsada da aka rubuta mata cewa ta masu laushin fata ce kuma babu paraben, wani sinadarin hana lalacewa da mutane ke gudu, ina ajiye da ita saboda fita. An yi wa yaran gidan wanka da wani sabulun ruwa mai kumfa, aka haɗa da ita, Gwaggonsu kuma ta goge mata baki da waif ɗinsu bayan ta sha alewa. Ranar Sallah lafiya, washegari lafiya, a rana ta uku bakin ya yi ja ya kumbura, wuya da hammata suka feso. Yanzu ga abubuwa uku da ake zargi, sabuwar waif ɗina, sabulun wankan da waif ɗin Gwaggo, ban san wanne ba. Da muka koma asibiti a ƙarshen watan, likitar ta ce zato ya isa haka, a yi gwajin da zai tabbatar, don in ba a san ainihin sunan abin ba haka za mu yi ta faɗawa. A takarda ta rubuta patch test, ni dai gwajin liƙe nake ce masa. Ta ce ba irin wanda ake tsira allura a hannu ba ne, ba kuma na jini ba ne, waɗancan na abinci ne da ƙura, ba sa gano wannan. Su ba su da kayan a lokacin, ta ba ni takarda zuwa wani asibitin fata mai zaman kansa a Abuja. Ta gindaya sharuɗɗa: sai fatar ta warke sarai, kada a shafa sitiroyid a bayanta aƙalla mako guda kafin ranar, kuma gara a jira ruwa ya sauka, don gumin bazara na ɓanɓare filastar.

Na kira asibitin tun daga gida, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka kafin ya hau mota. Na tambaye su ko suna yi wa yara 'yan ƙasa da shekara uku, suka ce suna yi. Na tambayi kuɗi, suka ce naira 85,000 har da ganin likita sau uku, na san yanzu ya wuce haka. Sannan na yi tambayar da likitarmu ta ce lallai in yi: shin a cikin abubuwan da suke liƙawa akwai methylisothiazolinone shi kaɗai, ko sai gaurayensa da ɗan'uwansa methylchloroisothiazolinone? Dalili kuwa, a gaurayen kashi ɗaya ne nasa cikin huɗu, ɗan abin da ke ciki bai da yawa, ana iya gwada mai alajin a ce ba shi da shi. Suka ce suna da duka biyun. A makon farko na Yuni muka hau jirgin ƙasa daga Rigasa, ni da yarinyar da ƙanwata, muka sauka a Kubwa gidan Yayata. Duk wanda zai je ya shirya kwana biyar, ba zuwa ɗaya ba ne.

Ranar Litinin aka liƙa. Babu allura, babu zafi. Wasu ƙananan faifai ne kamar maɓallin riga a jere a jikin filasta, kowanne da ɗigon sinadari ɗaya, aka manna su a gadon bayanta aka zagaye da alƙalami aka sa lamba. Saboda bayan nata ƙarami ne ba a sa duka jerin da ake sa wa manya ba, likitan ya zaɓi kusan ashirin: sinadaran hana lalacewa, na ƙamshi, na roba, neomycin, da ƙarfen nikel. Ya kuma yanki 'yar ƙaramar gutsure daga waif ɗina guda biyu, tsohuwar da sabuwar, ya liƙa su ma. Sabulun wanka da shamfu ya ce ba a liƙa su haka nan, don ko mai lafiya za su ƙona. Umarnin shi ne awa 48 ba wanka, ba gumi, ba sosawa. Riƙe yarinya mai shekara biyu da wata uku a kan wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Na sa mata riga mai ɗan matsewa ta ciki, na yanke mata farce, muka riƙa goge mata fuska da ƙafa da tsumma, da dare ni da ƙanwata muna karɓa-karɓa muna tsaron hannunta. Daren Talata ta yi ta mutsu-mutsu tana nuna gefen dama.

Laraba aka cire, aka sa muka jira kamar rabin awa don shatin filastar ya kwanta. Ni da idona ban ga wani abin kirki ba, har gabana ya faɗi na ce kuɗi sun tafi a banza. Likitan ya ce a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, da yatsa ake karantawa. Ya shafa, ya ce wurare biyu sun ɗan tasa, amma ba zai yanke hukunci ba sai karatu na biyu, kuma har lokacin kada a jiƙa bayan, kada alamar alƙalamin ta goge. Juma'a da safe ko ni na gani: wurare uku sun kumbura kamar girman kwabo da ƙananan ƙuraje a kai. Methylisothiazolinone, gaurayensa da ɗan'uwansa, da gutsuren tsohuwar waif. Sabuwar ba ta nuna komai ba, paraben ba komai, neomycin ba komai, ƙamshi ba komai. Da na kira Gwaggonsu ta karanto mini bayan robar sabulun wankan nan harafi-harafi, sai ga sunan a ciki. Aka ba ni takardar sakamako da jerin sunayen da zan guje wa, na ɗauki hotonta a waya na kuma yi kwafi uku.

A zaman da muka yi na ƙarshe likitan ya ba ni tarihin abin, kuma ya rage mini jin cewa ni kaɗai ce marar lura. Wajen 2005 aka fara barin kamfanoni su sa wannan sinadari shi kaɗai a kayan shafa, har kashi 100 cikin miliyan, a daidai lokacin da mutane suka tsorata da paraben kamfanoni ke neman madadinsa. Cikin 'yan shekaru likitocin fata a Turai da Amurka suka ga masu alajinsa sun yi yawa, har ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta ayyana shi a matsayin sinadarin alaji na shekarar 2013. A 2014 mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga labarin yara shida a Amurka da waif ta jawo wa irin ciwon 'yata, a baki da mazaunai, an yi ta ba su magungunan wasu cututtuka kafin a gano, kuma duka suka warke da aka daina goge su da ita. Tarayyar Turai ta hana sa shi a duk abin da ake shafawa a bari a jiki, har da waif, daga Fabrairun 2017, ta kuma rage na abin da ake ɗaurayewa zuwa kashi 15 cikin miliyan. Paraben ɗin da muke gudu kuwa, ta fuskar alajin fata yana cikin waɗanda ba su cika jawo shi ba, har waccan ƙungiyar ta fito ta faɗi haka a 2019. Kasuwarmu kuma kaya daga ko'ina suke shigo mata, wasu an yi su ne don ƙasashen da ba su da waccan dokar. Na tambaye shi batun lambar NAFDAC, ya ce lallai in riƙa dubawa, kayan da ba su da ita ko ba su da jerin sinadarai kar su shigo gidana, amma lambar tana nufin an yi wa kaya rajista ne, ba ta nufin jikin kowane yaro zai karɓe shi.

Da muka dawo na zazzage gidan a tabarma. Abin da na koya wajen karatun kwali shi ne a fara daga ƙasa, domin ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, masu hana lalacewa kuma 'yan kaɗan ake sawa, don haka can wajen layi biyun ƙarshe suke ɓuya. Ba sai kin iya furta sunan ba, ni duk kalmar da ta ƙare da isothiazolinone ajiye kayan nake. Na same shi a shamfun yayyenta, a sabulun ruwa na wanke hannu da ke banɗaki, da sabulun ruwa na wanke-wanke, wanda shi ya sa yatsuna suka so dawowa. Manyan rubutun gaban kwali, na jarirai ne, mai laushi ne, daga tsirrai ne, na daina kallonsu, don tsohuwar waif ɗin ma hoton jariri ne a jikinta yana dariya. Likitan ya gargaɗe ni da fentin ruwa na bango, ya ce ana sa irin waɗannan sinadaran a ciki kuma suna tashi a iska, in za a yi fenti a fitar da ita daga gidan a bar tagogi a buɗe na tsawon lokaci. Da za a gyara ɗakinmu bayan babbar Sallah, gidan Hajiya na kai ta ta yi wata guda.

Ba kowane yaro mai ƙuraje ne ke da irin matsalar 'yata ba. Mafi yawan jan mazaunai na jarirai fitsari ne da kashi da gogayyar fampas, yana tafiya da yawan canji da iska da basilin ko man zinc. Wani yaron kuma ba wannan sinadarin ne nasa ba, akwai dangin sinadaran hana lalacewa da ke sakin wani sinadari mai suna formaldehyde a hankali, irin su DMDM hydantoin, quaternium-15, imidazolidinyl urea, diazolidinyl urea da bronopol, akwai kuma ƙamshi. Shi ya sa ba na ce wa kowa ya ɗauki jerina ya bi. Abin da nake cewa shi ne, in ƙuraje sun ƙi jin magani, ko suna tafiya suna dawowa a wuri ɗaya, a tsaya a tambayi kai me ke taɓa daidai wannan wurin kullum, kuma a lissafa baya kwana uku, ba jiya kaɗai ba. Uwa ta duba hannunta ita ma. Kafin a hana yaro abinci a fara hana fatarsa tarkace: ruwa, auduga da mai marar ruwa a ciki kamar basilin fari ko man kaɗanya tsantsa, waɗanda ba sa buƙatar sinadarin hana lalacewa, na mako biyu zuwa uku. Wannan ba ya cin kuɗi da yawa, kuma da na san shi a Nuwamba da ban kai ga kirim ɗin kemis ba. In za a je wurin likita a zuba komai a leda da kwalayensu, har da abin da ba a ɗauke shi magani ba, a kuma riƙa ɗaukar hoton ƙurajen a waya ranar da suka yi tsanani, don sau da yawa ranar layi ta zo sun lafa.

Ga wanda Abuja ko Legas ta yi wa nisa, ko kuɗin gwajin ya fi ƙarfinsa, likitarmu ta koya mini wata dabara da nake amfani da ita har yanzu kafin in yarda da sabon man shafawa. A shafa ɗan kaɗan a wuri ɗaya a cikin gwiwar hannu, safe da yamma, kwana bakwai zuwa goma, a duba. In ya yi ja ko ƙaiƙayi a tsaya. Ba ta gaya miki sunan sinadarin, ba a kuma yin ta da sabulu ko shamfu, amma tana raba ki da shafe yaro gaba ɗaya da abin da jikinsa ba ya so.

Yanzu ta shiga makarantar rainon yara. Ranar farko na kai wa malamarsu kwafin takardar sakamakon, da 'yar buta, auduga da sabulunta na sanda a cikin jaka, na roƙe ta kada a goge ta da waif ɗin kowa ko a wanke mata hannu da sabulun ruwan ajin. Ta ce, "Hajiya, har waif ma?" Na buɗe waya na nuna mata hoton watan Janairu, na biyun kuma na bayanta ranar Juma'ar nan a Abuja. Ta karɓi jakar ta rubuta sunan yarinyar a jiki ta rataye a ƙusa kusa da teburinta.